Ƙullin Ƙasa daga Karare

Firizar ɗakin bincike na jami'a ta kwana biyu ba wuta, janareto kuma ya zaɓi wannan makon ya ƙi tashi. Da Nusaiba ta buɗe ta, warin da ya buge ta ya ishe ta labari. Duk abin da ta adana ya lalace.

Asarar abu ɗaya ce ta fi ƙona mata rai. Cikin tarin ƙasar da ta tattaro daga Batsari da Safana don aikin digirinta, ƙulli ɗaya tak ne ya fitar da wata bakteriya fara mai kama da garin alli. Duk ƙwayar cutar da aka shuka kusa da ita a faranti sai ta mutu, har da masu taurin kan da suka gagari magungunan asibiti. Malaminta ya ce da alama ba a taɓa ganin irinta ba, amma sai an sake fito da ita daga ƙasar kafin a tantance danginta a raɗa mata suna.

Nusaiba ta riga ta zaɓi sunan. Na mahaifinta ne, Malam Hashimu, wanda 'yan bindiga suka harba a cinya a zauren gidansa na Karare da wata asuba. Ba harsashin ne ya kashe shi ba. Miki ne ya ruɓe, aka canza masa magani har aka gaji.

Ƙasar ma ba da hannunta ta ɗebo ba. Lokacin hanya ta yi muni, sai ta roƙi mahaifiyarta, Inna Hansai, ta sa a ɗebo mata ta gonar Baba. Aka aiko da ita ƙulle a tsumma: baƙar laka busasshiya, 'yan gutsattsari masu zane-zane kamar an danna su cikin wani abu. Nusaiba ta murƙushe su ba tare da ta tsaya kallo ba. Ɗan abin da ya rage ma yana cikin firizar.

Washegari ta hau a-kori-kura zuwa gida. Daga Batsari motar ta yi tsit. Kowa idonsa na kan daji, direba kuwa ko rami ba ya ragewa gudu.

Inna ba ta yi murnar ganinta ba, wannan kuwa ya yi wa Nusaiba ciwo. Tsohuwar tana share ƙofar ɗakin Salmanu, ƙanen Nusaiba, kamar yadda take yi kullum. Shekara guda kafin harin, aka ce an ɗauke shi a hanyar Runka. Babu wanda ya taɓa kiran waya neman kuɗin fansa a kansa. A lokacin mata sun ba Inna shawara ta ɗebi ƙasar sawunsa ta kai wa malam ya yi kiranye, yadda ake yi in ana son wanda ya ɓace ya dawo gida. Ta so ta yi, amma ruwan sama ya riga ta, ya wanke sawun.

"Gona za ni, Inna. A wane gefe aka ɗebo ƙasar nan?"

"Ƙasa ai ƙasa ce, 'yar nan. Ɗebi ta tsakar gida ki koma."

Ba ta saurara ba. Wani ɗan sa-kai mai suna Shafi'u ya yarda ya kai ta a babur, bisa sharaɗin in ya ce a tafi, a tafi. Gonar tana bakin daji, ta cika da ciyawa tun rasuwar Baba. Nusaiba ta durƙusa ta fara tono.

Jan yashi ne. Ta koma gabas, jan yashi. Ta gangara wajen tsohuwar rijiya, ta tona har farcenta ya karye. Babu baƙar laka ko ta shafawa a goshi.

Can cikin daji aka ji rurin babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Nan take Shafi'u ya tayar da nasa. Ta haye da ledojinta a ƙirji, tana jin ƙarar na ƙara matsowa, ba ta waiwaya ba sai da suka ga rufin masallacin gari.

Da ya sauke ta, ta kwatanta masa irin ƙasar da take nema. Ya dube ta kamar ta zage shi.

"Malama, baƙar laka sai fadamar cikin daji. Mu kanmu ba ma taka wurin. 'Yan bindiga kaɗai ke shiga."

Ta shiga gida ranta a ɓace, ta zube jan yashin a gaban Inna. Tsohuwar ta dube shi. Sannan ta tashi, ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado, ta fito da ƙullin tsumma irin wancan sak. Ta kwance da ƙyar. Jan yashi ne a ciki.

Inna ta zauna daɓas, ta riƙe kai.

"Wayyo ni. Wannan ce ta gonar. Ashe ɗayan na aika miki."

"Ɗayan na mene ne?"

"Na sawun Salmanu. Ina jiran in sami malamin da zai rufa mini asiri."

"Inna, ba kin ce ruwa ya wanke sawunsa ba? A ina kika samu?"

Inna Hansai ta dubi zaure, ta sauke murya har sai da Nusaiba ta sunkuya.

"Daga takalminsa ta zubo, a zauren can, da asubar da aka harbi babanki. Shi ya shigo wa 'yan bindigar gaba."