Ɗorawar da Aka Hana Tsawo

Kansila, tun da ka ce gobe za ka kai maganar dokar itatuwa gaban majalisa, gyara zama in ba ka wani misali ka tafi da shi.

An yi wata ƙaramar hukuma da shugabanninta suka ga itatuwa na ƙarewa a gonaki, abin ya dame su, kuma da gaskiyarsu. Sai suka kafa doka cewa duk bishiyar da ta kai tsayin mutum, ko a gonar wa take, za a shafa mata jan fenti, daga ranar ta shiga hannun hukuma. Mai gona ba zai sare ta ba, ba zai taɓa reshe ba sai da izini, in kuma wani abu ya same ta shi za a tuhuma. Doka a baki ba ta da nauyi, amma wa zai zagaya gonakin? Aka ɗauki malaman daji, aka saya musu babura, kowanne da gorar awo da gwangwanin fenti. Ga mai, ga gyara, ga albashi, ga shari'ar da ba ta ƙarewa. Da kaya ya yi wa hukuma nauyi, sai ta rufe lambun da take rainon dashe tana raba wa mutane, don ta samu ta riƙe masu gadi. Ka ji aikin masu dabara.

A ƙasar akwai wani manomi da ɗorawa ta tsiro masa a tsakiyar gona. Ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ya kuma yi wa ƙaramar 'yarsa alkawarinta: duk inda rayuwa ta kai ta, kalwar nan tata ce, ta zo ta ɗiba ta yi daddawarta. Yarinya har “ɗorawata” take ce mata. To amma mutumin ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa. Makiyaya masu wucewa suka sassabe wa shanunsu wani gawo mai jan fenti a gonar maƙwabcin, aka zo aka tafi da mai gonar ana tsakiyar shuka, bai dawo ba sai da aka sayar da bijimin huɗarsa aka biya tara, damina kuwa ba ta jira shi ba. Shi ma manomin nan bijimi ɗaya gare shi, kuma shi ke riƙe da gidan. Tun daga nan ɗorawa ta zame masa abin tsoro. Kullum ya je gona sai ya tsaya a jikinta ya gwada, yau tana ƙugu, an jima tana ƙirji. Da ta kawo masa kafaɗa sai ya riƙa datse mata kai da lauje, ta yi toho ya datse, yana yi yana jin abin a ransa. Sauran manoma ba su tsaya wannan wahala ba, duk tsiron da ya leƙo a gona fartanya suke bin sa da ita tun bai jawo musu magana ba. Shi dai ya kasa.

Wata damina ciwo ya kwantar da shi, ruwa kuwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Ranar da ya iya takawa ya rataya gatari ya nufi gona, da ya isa wurin ɗorawa sai da ya ɗaga kai kafin ya ga ƙarshenta. Lokacin datse kai ya wuce, don sabon sara a wuyan bishiyar da ta kai awo shi ne laifin da kansa. Ko dai a shafa mata fenti ya kwana cikin fargaba har ƙarshen ransa, ko kuwa ta zama kamar ba a taɓa yin ta ba. Yana cikin wannan sai ya ji ƙugin babur daga wajen rafi, hanyar da ba mai bin ta da babur sai malamin daji. Ya tuna 'yarsa, ya tuna bijimi. Ƙara tana ta matsowa. Ga ciwo bai gama sakinsa ba, amma ya ɗaga gatari, ɗanyen icce kuwa bai yi gardama ba. Ya ja ta cikin gero, ya tura ƙasa da ƙafa ya binne kututturen, ya miƙe yana haki.

Malamin dajin ne kuwa, amma ba gora ba fenti, sai wata tsohuwa a bayansa rungume da buhu. Acaɓa yake yi, don albashi ya daɗe da yankewa. Ya rage gudu ya yi masa sannu da jiki, ya ce, “Baba, ka ji labari kuwa? An janye dokar nan tun kasuwar da ta wuce, hukuma ta ce ba za ta iya da nauyinmu ba. Itacen kowa ya koma nasa.” Ya ja babur ya wuce. Manomi ya sulale ya zauna kusa da ganyen da ko yaushi bai fara ba, ya rasa da wane baki zai shiga gida ya gaya wa 'yarsa. Su kuwa shugabanni da suka fito ganin abin da dokarsu ta tsare, tsofaffin itatuwa suka tarar masu jan tabo, daga wannan iyaka zuwa waccan babu matashiya ko ɗaya da za ta gaje su.

Ban ce kada a tsare itace ba, Kansila. Amma kafin ka ɗaga hannu gobe, ka san wa zai ɗauki nauyin gadin, ka kuma san wa zai kwana da tsoro, don Hausawa sun ce garin neman gira a kan rasa ido.