Hannun da Ba Ya Rawa

Tunda ka ce kai da girmanka ba za ka tsaya kana yi wa ɗan kasuwa tambaya ba, gyara zama in ba ka misalin wani mai aski.

Mutumin nan gadon wanzanci ya yi, kuma taƙamarsa a duniya guda ɗaya ce: hannunsa ba ya rawa. Shekara ashirin da ɗoriya yana ɗora aska a kan mutane, ko ƙwarzane bai taɓa yi wa wani ba. A gidansu in aka ce wane hannunsa ba ya rawa, to an gama yabo. Ana nan sai wani sabon mai aski ya buɗe shago a tsallaken titi, ya kafa talabijin da na'urar wasan ƙwallo, masu jiran layi suna bugawa kafin a zo kansu. Direbobin tasha da telolin unguwa, mutane da gemunsu, suka riƙa sulalewa can ɗaya bayan ɗaya. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ga jajibirin sallah ya matso, ranar da mai aski ke samun abin riƙe gida na wata guda. Ya karɓo tsohuwar na'ura a wurin ƙanin matarsa, saura abin da ake riƙewa ana dannawa, wanda 'yan wasan ke kira hannu. Ya hau mota ya nufi birni, ya shiga wani shagon da ake sayar da irin waɗannan kaya. Mai shagon ya ajiye masa iri biyu kamar an tsaga kara, ya nuna na hagu ya ce wannan ya fi araha domin ba ya rawa. Maganar ta yi wa mai aski daɗi har cikin ransa. Ga nagarta ga sauƙi, lalle mutumin nan bai san darajar kayansa ba. Zuciyarsa ta ce masa ya tambayi dalili, ya kwaɓe ta, kada a ɗauke shi baƙauye, ko mai shagon ya farga ya ƙara kuɗi. Ya sayi guda biyu ya fice da sauri, ko waiwaye bai yi ba.

Ranar jajibiri tun da hantsi benci ya cika, domin ya baza labari a tasha cewa ya kawo hannun da babu irinsa a garin. Wani direba da wani tela suka fara karawa. Direban ya ɗirka ƙwallo ta daki ƙarfen raga, ya ji tafinsa shiru. Aka kwashe masa ƙafar ɗan wasa, nan ma shiru. Ya kai hannun kusa da kunne ya jijjiga shi kamar mai gwada ƙwai, ya ce wannan ai gawa ce. Telan ne ya tausaya wa mai aski ya yi masa bayani: akwai ɗan inji a cikin mai tsadar da ke sa shi kakkarwa in an ci ƙwallo ko an yi karo, nan daɗin wasan yake, shi aka cire aka rage kuɗin. Kafin azahar benci ya koma fayau, sai wani dattijo da ke gyangyaɗi. Mai aski ya aske dattijon, ya rufe shago, ya sake hawa mota yana huci, yana shirya baƙaƙen maganganun da zai zazzage. Mai shagon ya saurare shi har ya dasa aya, sannan ya ce, "Malam, ai ban ɓoye maka ba. Da bakina na ce ba ya rawa, ka ce madalla."

Sai dariya ta ƙwace wa mai aski har da riƙe ciki. Ya yi ciko aka canza masa. Da aka ba shi ya gwada, abin ya zabura a tafinsa, ya sake shi a kan tebur yana salati, mutanen shagon suna ta ƙyaƙyatawa. Sai bayan la'asar ya iso gida, ya tarar rabin kawunan unguwa an riga an aske su a tsallake. Sauran suka dawo masa, domin a wajen riƙe aska har yanzu babu na biyunsa, amma rabin nan ya tafi ke nan sai wata sallar. Hanyar da ya bi sau biyu, da cinikin da ya wuce shi, kalma uku ce za ta tare masa su: me ya sa? Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.