Rumbun Baba na Rawayau

Tana fitowa daga ɗakin jarrabawa a Dutsin-Ma, sai ta tarar da ɗalibanta, masu koyon aikin malamin gona, sun jera babura a bakin ƙofa. Ta zaci ƙararta za su kai.

Shugabanta ya sha cewa tambayoyinta ba su da rai. Shi ya sa wannan karon ta ƙirƙiro wani tsohon manomi a Rawayau, wanda ƙwari suka far wa wakensa a rumbu, ta tambaya: me za ku yi masa?

"Lafiya dai?" ta ce.

"Malama, mun amsa a takarda," in ji babbansu, yana ɗaure sabbin buhuna a bayan babur. "Yanzu kwatanta mana gidan Baba, mu je mu yi masa jaje, mu ceci sauran waken."