Rakiyar da Baba Ya Nema

Ƙaras! Haƙorin Baba ne ya gamu da tsakuwa a shinkafar rana, a gidanmu na Samaru. Inna ta sunkuyar da kai. Ita da maƙwabta ke kawo wa tsintar shinkafar biki, ga shi idonta ya fara rauni. Asibiti kuwa ta ƙi, wai tabarau na malaman jami'a ne, ita kwalli ya ishe ta.

Baba bai tofar ba. Ya kora da ruwa, ya murza ido ya ce wa Inna, "Ni fa kwanan nan rubutu rawa yake mini. Daure ki raka ni Sabon Gari a duba ni."

Har da mu aka shiga bas, ni da ƙanwata Ummi. A wurin likitan ido, Baba, mutumin da ke riga kowa ganin jinjirin wata, ya zauna aka haska masa ido, ya miƙe ya ce wa Inna, "Tunda mun zo, ke ma zauna mana."

Sai da na girma na gane dabararsa. Allah ya jiƙan Baba.

Inna ta fito da tabarau, tana ta jin kunya. Ummi ta leƙa fuskarta ta ce, "Inna, yau kin kalle ni ba ki matse ido ba!"