Jan Fenti a Rumfar Suweiba

A aikin faɗaɗa titin Maamobi, Hajiya Suweiba ta rasa rumfar da take sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta rasa ɗakin gaba na gidanta, ta rasa darbejiyar da masu cin abinci ke fakewa a ƙarƙashinta. Abin da ta samu a madadinsu allon ƙarfe ne guda ɗaya, wanda ko karanta shi ba ta iya sosai ba. Amma har yau in ka tambaye ta, cewa take ita ta ci ribar cinikin.

Ranar da aka zo da jan fenti aka yi wa gidajen layin gicciye, tana zaune kan tsohuwar tayar da ta mayar kujera, tana zuba wa mutane shinkafa da wake a ganye. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Gabanta titi ya cushe kamar kullum, motocin haya, trotro na bin trotro, hon na tashi, masu okada na kutsawa ta ko'ina. Yaran mota sun leƙo ta taga suna dukan ƙofa: "Issifu! Issifu, akwai mai sauka?" Haka ake kiran tashar bakin rumfarta, kamar yadda kowace tasha a Accra ke da sunan da ba wanda ya damu da asalinsa.

Maƙwabta suka karɓi diyya ɗaya bayan ɗaya. Tela ya kwashe kekunansa, mai kemis ya koma Alajo. Tsofaffin unguwar dama tuni wasu sun rasu, wasu sun bi 'ya'yansu bayan gari. Katafila ta fara cin layin daga can ƙasa, kullum tana ƙara matsowa.

Kamfanin da ke aikin titin ya turo Jamiu, wani saurayi mai hular kwano da ladabi, don ya shawo kanta. Bai san da wa ya haɗu ba. Matar nan tun rasuwar maigidanta ita ke riƙe da gida, kuma dillalan wake a kasuwar Nima in sun hango mayafinta sai su fara rage farashi tun kafin ta yi sallama.

"Hajiya, mepaakyew, don Allah, an ba ki shago a Adabraka. Da tayil, da fanka."

"Wace mota ke bi ta can?"

Ya faɗa mata.

"Ba na so. Ci abinci, ɗana, ka rame."

Ya dawo da tayin fili a unguwar Malam, wuri shiru, ba hayaƙi, ba ihun yaran mota.

"Shiru? An ce maka kabari nake nema?"

Aka ƙara diyya, ta ce Allah ya ba su wani mai sayarwa. Aka sake ƙarawa, ta tambaye shi ko uwarsa ta san wannan aikin yake yi. Unguwa ta ɗauka da cewa Suweiba so take ta tatse kamfani har ƙashi. Ba ta musa ba, ta ma fi son a ce haka.

Sai dai barci ya ƙaurace mata. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa titi, ta dawo ta gyara wutar da ba ta bukatar gyara. Rumfarta da gidanta kaɗai suka rage tsaye a cikin tarin bulo da ƙura. Jamiu ya gaya mata gaskiya: in wa'adi ya cika, hukuma za ta rushe ko ta yarda ko ba ta yarda ba, kuma a lokacin ko sidi ɗaya ba za ta gani ba.

Shi ne kuma ya nuna mata zanen sabon titin, don ta ga abin alheri ne. Hanya biyu kowane gefe, shingen ƙarfe a baki, ba tsayawa. Za a mayar da tasha can sama, gaban Filaza, sabon rukunin shagunan da ake ginawa.

"Nan fa?"

"Nan wucewa kawai, Hajiya."

Washegari da hantsi wata trotro ta zo, ba ta ko rage gudu ba. Yaron motar, sabon shiga, ya leƙo yana ihu: "Filaza! Filaza, akwai?" Ludayi ya suɓuce daga hannun Suweiba ya faɗa cikin miya. Ta aika a kira mata Jamiu, da Alhaji Abdul-Fatawu, shugaban direbobin layin.

Ta ce ta yarda a rushe, amma tasha ta zauna a nan, da allonta, da sunanta. Alhaji ya ce in akwai wurin tsayawa, yaransa za su kira abin da suka saba. Jamiu ya duba zanensa, ya ce filin rumfar ba zai ishi mota ta raɓa ba.

"Ku haɗa da ɗakin gaba."

"To shagon Adabraka fa? Diyyar fa?"

"Ku gina wurin tsayawar da su."

Jamiu ya cire hular kwanonsa ya share zufa. "Hajiya, ɗaki guda saboda sunan tasha? Wane ne ma Issifun nan? Ko direbobi ba su sani ba."

Ta daɗe tana shafa tayar da take zaune a kai.

"Mai facin taya ne, nan yake zama," in ji ta. "Ka ji farashina, ba ragi: mota ta tsaya nan, suna ya zauna yadda yake. Tun ranar da aka ɗaura mana aure har ya koma ga Allah, kunya ba ta bar bakina ya faɗi sunansa ba. Yaran motar nan ne suke kira mini shi."