Layar Goggo Kyauta

Habibullah yana tsaka da auna riɗi a kasuwar Maigatari wani saƙo ya shigo wayarsa. An gano ɓaraka a manhajar da suke ajiye kuɗin kirifto, wadda suke kira walet. Duk wanda bai sabunta tasa ba, ɓarayin intanet na iya yashe shi. A ƙasan saƙon ga sabuwar manhajar nan da tambarin kamfani, da umarni a taƙaice: a saka sabuwa, a goge tsohuwa.

Batun ɓarakar ba ƙarya ba ne, tun safe ake ta maganarsa a rumfar 'yan canji. Habibullah ya ajiye kwanon awo.

Ba kuɗinsa ne suka fara faɗo masa a rai ba. Shi ne ya ja rabin danginsu cikin harkar nan lokacin da naira take narkewa a hannu. Shi ya ce musu dala ce a cikin waya, ba ta ruɓewa, gara ba ta ci. Cikin waɗanda suka yarda har da Goggo Kyauta ta Ɗanzomo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi. Bijiminta ɗaya tilo ta sayar, ta ce ya zuba mata kuɗin a ciki. Da su za a cire mata yanar ido a Kano bayan kaka, don idon hagu ya riga ya rufe, na daman ma yana bin sahu.

A wannan yanki ba kowa ke ƙona data a kan manhaja ba. Mutum ɗaya ke saukewa, sauran a tura musu daga waya zuwa waya, kamar ɗibar wuta a maƙwabta. Habibullah ya sauke tasa. Wayar ta yi ɗan gargaɗinta, ya danne, don ko waƙa za ka sauke sai ta yi wannan tsegumin. Ya sabunta walet ɗinsa, ya bar riɗin a buɗe, ya hau babur.

A Gumel ya fara da Sharifa mai ɗinki. Sabuwar manhajar ta nemi kalmomin sirri goma sha biyun da ake buɗe walet da su. Ya shigar, kuɗin suka bayyana cif, ya goge tsohuwar. Sharifa ta yi ta sa masa albarka har bakin titi.

A Gagarawa ya cimma Kawu Isa a gonar zoɓo. Tsohon ya zaro takardar kalmominsa daga cikin hula yana mita, wai kullum sai an zo musu da sabon salo. A Sule Tankarkar mutane har layi suka yi masa. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Da la'asar ya isa Ɗanzomo, ya tarar da ƙofa a rufe. Goggo ta tsallaka Nijar gaisuwar mutuwa, kuma da wayar ta tafi, ƙulle a bakin zane. Ya kira har ya gaji, ba ta shiga.

Kafin magariba kira ya fara shigowa. Sharifa ce ta farko. Ta je biyan kuɗin yadi, walet ya ƙi turawa, ɗan canji ya duba mata a tasa wayar ya ce babu ko sisi. Daga ita sai Kawu Isa, daga shi sai mutanen Sule Tankarkar, ɗaya bayan ɗaya. Habibullah ya gwada nasa. Shi ma lambobi ne kawai a kan gilashin waya, kuɗin sun ƙi turuwa.

Ya zauna a gindin darbejiya ya yi kuka kamar yaro. Ya makara ke nan. Ɓarayin sun riga shi shiga ko'ina, duk gudun da ya yi a banza. In waɗanda ya kai wa ɗauki ma ba su tsira ba, ina ga Goggo da ko taɓa wayarta bai yi ba?

Washegari da hantsi ta dawo, tana laluben ƙofa da sanda. Bai iya haɗa ido da ita ba. Ya karɓi wayar, ya buɗe tsohuwar manhajar.

Kuɗin bijimin suna nan, ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

"Alhamdu lillahi! Goggo, kawo kalmomin nan maza, kafin su iso kanki."

Goggo ba ta yarda da takarda tsirara ba. Tun farko ta kai wa baduku ya ɗinke mata tata a fata kamar laya, ta rataya a wuya. Da reza Habibullah ya farke ɗinkin. Ya tura mata sabuwar manhajar, ya shigar da kalmomin, kuɗin suka bayyana cif. Ya kai yatsa zai goge tsohuwar, ta riƙe masa hannu.

"A'a, ɗan nan, bar mini wannan. Ita idona ya saba da ita."

Ta karɓi wayar, ta kai ta dab da idon dama, ta danna tsohuwar kamar yadda take yi kowace safiya don ta ga bijiminta. Ta daɗe tana kallo.

"Habibu, idon ne ya ƙarasa, ko kuwa sifili nake gani?"

Ya leƙa. Sabuwar tana nuna kuɗi cif, tsohuwar da ke cike yanzun nan ta koma fayau. Sai a lokacin ya gane ɓarawon da yake tsere da shi tun jiya: a aljihunsa yake, shi ya goya shi a babur ya kai shi gida-gida.