Buƙatar Mai Jira

Masu zuwa gaisuwa sun fara raguwa lokacin da Auta ta buɗe kwamfutarta a kan teburin falo.

"Haba Auta, har yau ma aiki?" in ji Mama.

"Yanzu zan gama, Mama."

Ai wannan maganar ta zame mata waƙa. Ita ta riƙa yi wa Baba a waya tun da idanunsa suka mutu: za ta zo, bari dai aiki ya lafa. Aiki bai lafa ba, sai gawarsa ta tarar.

Manhajar kalanda ta ƙirƙira, irin wadda ba hoto ba ado, baƙin allo kawai, ka rubuta umarni ta ba ka amsa. A dandalin masu amfani da ita akwai wani mai laƙabin Mai Jira. Mutumin nan akwai naci! Duk wata sai ya roƙi a ƙara hanyar aika gayyata. Ya ce kalandu masu hotuna ba sa yi masa. Ya ce mutum ɗaya tak yake son gayyata, wanda ba ya taka ƙafa ko'ina sai inda kalanda ta tura shi.

Kullum amsarta ɗaya ce, sai ta sake sabunta manhajar. Shi kuma ya ce Allah ya yi albarka.

Yanzu baƙin ciki ya hana ta zama haka kawai. Ta saɓa wa Baba alkawari, ba gyara. Wannan bawan Allah dai ba za ta ƙara saɓa masa ba.

Ta duƙufa. Ta sa wurin sunan baƙo, ta sa lokaci, ta sa amsa: zan zo, ba zan zo ba. Shayin da Mama ta ajiye mata ya huce a banza. La'asar ta yi kafin komai ya tafi daidai.

Gayyatar farko ta Mai Jira ce, ya cancanta. Ta rubuta: "Ka yafe mini jinkiri. Zaɓi rana mu gaisa." Ta danna.

Wata 'yar ƙara ta fito daga ɗakin Baba, wanda ba wanda ya iya shiga tun ranar rasuwarsa. Mama ta dafe ƙirji.

Daga tsohuwar kwamfutar Baba, muryar nan da take karanta masa rubutu ta fara a hankali: "Ka yafe mini jinkiri."